Shin Son Finafinan Koriya Yana Kai Mutum Ga Iya Harshen?

Tambaya: Ina da 'ya mai shekara 17 wadda ta kamu da son finafinan Koriya masu dogon zango da waƙoƙinsu. Kwanan nan na tarar ta cika littafi da wasu haruffa masu kama da sanduna da da'irori, kuma ta matsa mini lamba in biya mata kuɗin ajin koyon harshen. Me ke cikin waɗannan finafinai da ke sa yara son harshen da babu mai yinsa a kusa da su? Kuma ana iya koyon harshe ta wannan hanya, ko kuwa yayi ne da zai wuce?

Amsa: Hajiya, abin da kika gani a littafin 'yarki ana ganin irinsa yau a Jakarta da Alƙahira da Landan, kuma ya daɗe da wuce matsayin ɗokin ƙuruciya. Ƙididdigar da ƙungiyar malaman harsuna ta MLA take yi a jami'o'in Amurka ta nuna cewa tsakanin 2016 da 2021 ɗaliban da ke ɗaukar darasin harsunan waje sun ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, amma a daidai wannan lokaci masu ɗaukar harshen Koriya suka ƙaru da kashi 38, daga kusan 14,000 zuwa sama da 19,000. Jarrabawar TOPIK, wadda gwamnatin Koriya ta Kudu ke shiryawa domin auna ƙwarewar baƙi a harshen, ba ta samu mutum 3,000 ba a shekararta ta farko, wato 1997, amma zuwa 2019 masu yin rajista sun haura 370,000. A rahoton manhajar koyon harsuna ta Duolingo na 2023 harshen ya zo na shida cikin waɗanda aka fi koyo a duniya, har ya sha gaban Italiyanci. Duk wannan ya faru ne ga harshen da masu magana da shi ba su wuce kimanin miliyan 80 ba, kuma na al'ummar da ba ta yaɗa harshenta da mulkin mallaka ba. Ita ce ma Japan ta mallaka daga 1910 zuwa 1945, har aka riƙa korar harshen daga makarantu a ƙarshen wannan zamani.

Amsar tambayarki ta biyu a taƙaice ita ce, fim da waƙa suna tayar da sha'awa, suna kuma riƙe ta fiye da yadda kowane malami zai iya, amma su kaɗai ba sa koyar da harshe. Sai dai yadda suke tayar da sha'awar yana da tsari, kuma idan kika fahimci tsarin za ki iya gane ko 'yarki da gaske take.

Guguwar al'adun Koriya, wadda ake kira hallyu, ta fara ne a maƙwabta. A 1997 gidan talabijin na gwamnatin Sin ya nuna wani wasan kwaikwayo na iyali daga Koriya wanda ya samu karɓuwa sosai, kuma a jaridun Sin ne sunan ya fara yawo a ƙarshen shekarun 1990. Daga nan Winter Sonata ya shiga Japan ta tashar NHK a 2003 da 2004, inda matan aure da dattijai suka cika azuzuwan koyon harshen wata ƙasa da iyayensu suka raina. Dae Jang Geum na 2003, labarin wata mai dafa abinci a fada da ta zama likitar sarki, ya kai har Iran da ƙasashen Larabawa da Afirka, Jumong na 2006 kuwa mu ma nan faifansa ya yi yawo a kasuwanni. Gwamnati ba ta zauna tana kallo ba. Tun a 1994 wani rahoto da aka miƙa wa Shugaba Kim Young-sam ya kwatanta kuɗin da fim ɗin Jurassic Park ya samu da na sayar da motocin Hyundai miliyan ɗaya da rabi, sannan bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1997 gwamnatin Kim Dae-jung ta ɗauki fim da waƙa a matsayin hajar da za a fitar waje. Abin da ya biyo baya sananne ne: waƙar Gangnam Style ta zama bidiyo ta farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a YouTube a Disambar 2012, Parasite ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar a 2020, Squid Game kuma ya mamaye Netflix a Satumbar 2021. A makonni biyu da suka biyo bayan fitowarsa, Duolingo ta sanar da cewa sababbin masu rajistar koyon harshen sun ƙaru da kashi 76 a Birtaniya da kashi 40 a Amurka.

Amma shahara kaɗai ba ta isa bayani ba, domin ana kallon finafinan ƙasashe da yawa ba tare da kowa ya nemi littafin nahawunsu ba. A ganina, sha'awar koyo tana tsirowa ne a daidai wurin da fassara ta gaza, kuma masana'antar nishaɗin Koriya, da gangan ko ba da gangan ba, cike take da irin waɗannan wurare.

Dubi yadda mawaƙan K-pop, wato waƙoƙin zamani na Koriya, ke mu'amala da masoyansu. Mawaƙin ba ya tsayawa ga fitar da waƙa. Yakan kunna waya da tsakar dare ya yi hira kai tsaye a manhaja irin Weverse, yana cin abinci, yana karanta saƙonnin da ake turo masa, yana barkwanci da abokan ƙungiyarsa. Wannan hira sau da yawa ba ta zuwa da cikakkiyar fassara a lokacin da ake yinta. Yarinyar da ke zaune a Manila ko Kano tana ganin dubban masu jin harshen suna rubuta dariya a gefen allo, ita kuwa ba ta san abin da aka faɗa ba, sai ta jira sa'o'i kafin wata mai sa kai ta fassara ta saka a intanet, a lokacin kuma zancen ya riga ya huce. Wannan jin cewa an bar ka a ƙofa ana dariya a cikin ɗaki yana da ƙarfi ƙwarai ga mai shekara 17. Ƙari a kan haka, a cikin al'ummar masoya babu mai daraja kamar mai fassara, domin da shi kowa ya dogara, saboda haka iya harshen ya zama abin da ake samun girma da shi a tsakanin tsara. Dandalin kallon finafinai na Viki, wanda aka kafa a 2007, ya ginu ne kacokan a kan irin waɗannan masu fassarar sa kai. Kamfanin da ke kula da ƙungiyar mawaƙa ta BTS ya ga wannan buƙata ƙarara, ya fitar da darussan bidiyo da littattafai a 2020 da sunan Learn Korean with BTS, har wasu makarantun gaba da sakandare, irin su Middlebury a Amurka, suka yi amfani da su a aji.

A finafinai kuma giɓin ya fi zurfi, domin harshen Koriya yana ɗauke da matsayin mutane a cikin kowace jimla, Turancin da ake rubutawa a ƙasan allo kuwa ba shi da wurin ajiye wannan. Misali ɗaya ya isa. A Squid Game akwai wani ɗan ci-rani daga Pakistan mai suna Ali wanda da farko yake kiran wani ɗan Koriya mai suna Sang-woo da sajangnim, wato kiran da yaro ke yi wa ubangidansa a wurin aiki, har sai da Sang-woo ya ce masa ya riƙa kiransa hyung, kalmar da namiji ke kiran yayansa namiji da ita. Fassarar Turanci ta mayar da wannan zuwa izinin kiran suna kawai. Wanda bai ji kalmar ba ya ga mutum biyu sun saba; wanda ya ji ya san an ɗaura 'yan'uwantaka, kuma cin amanar da ya zo daga baya ya fi yi masa ciwo. Mai kallon da ya yi awa ɗari yana sauraro dole kunnensa ya fara kama irin wannan. Zai lura cewa mace tana ce wa yayanta namiji oppa, yayarta mace unni, namiji kuma yana ce wa yayarsa noona, sannan zai lura cewa ranar da masoya biyu suka daina ƙare jimlolinsu da yo, wato ƙarin girmamawa, wani abu ya sauya a tsakaninsu wanda rubutun ƙasan allo bai faɗa ba. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, tunda shi ma ba ya kiran yayansa da suna gatsal, kuma ya san nauyin cewa ku ga mutum ɗaya. Ina zargin wannan yana cikin dalilan da suka sa labaran Koriya, masu cike da surukai da kunya da biyayya ga na gaba, suke shiga ran 'ya'yanmu da sauri.

Sai kuma haruffan da kika gani, waɗanda su ne sa'a mafi girma da harshen ya yi. Sunan rubutun Hangul. Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443, aka ƙaddamar da shi a 1446, kuma dalilin da aka bayar a rubuce shi ne talakawa ba sa iya bayyana abin da ke ransu da rubutun Sin mai dubban alamomi. A yau tushensa haruffa 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, idan aka haɗa da masu ninki da masu haɗi su zama 40. An zana baƙaƙen ne bisa siffar baki lokacin furta su: ㄴ, mai sautin n, hoton harshe ne yana taɓa hanƙa, ㅁ, mai sautin m, hoton baki ne, ㄱ kuma tushen harshe ne ya tokare maƙogwaro. Idan sauti ya ƙara ƙarfin iska sai a ƙara masa layi, ㄱ ya koma ㅋ, ㄷ ya koma ㅌ. Ana tara haruffan gaɓa guda a cikin murabba'i guda, saboda haka ㄴ da ㅏ su ba da 나, wato na, ㅁ da ㅜ su ba da 무, wato mu, a haɗa a samu 나무, namu, wato bishiya. Kano kuwa 카노 za a rubuta. Malaman fadar Sejong sun rubuta cewa mai kaifin basira zai koye shi kafin hantsi ya wuce, marar basira ma kwana goma sun ishe shi, kuma ba su yi ƙarya sosai ba. Wanda ya so finafinan Japan ko na Sin yana fuskantar dubban alamomi kafin ya karanta jarida. Wanda ya so na Koriya yana iya karanta sunan gwaninsa a jikin allo a ƙarshen makon farko. Wannan lada na gaggawa shi ke mayar da mai kallo ɗalibi.

Abu na uku shi ne gwamnatin Koriya ta Kudu ta tabbatar cewa duk wanda sha'awa ta kama zai tarar da aji a kusa. Cibiyoyin Sarki Sejong sun fara a 2007 da rassa 13 a ƙasashe uku, na farko a Ulaanbaatar ta Mongoliya, zuwa 2023 kuwa sun kai 248 a ƙasashe 85, kuma suna da darussa kyauta a intanet. Tailan ta sanya harshen cikin jarrabawar shiga jami'a a 2018, Indiya ta ambace shi a manufarta ta ilimi ta 2020, Vietnam kuma ta ɗaga shi a 2021 zuwa sahun farko na harsunan waje da ake iya koyarwa a makarantu. A Najeriya akwai Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja tun 2010, wadda ke koyar da harshen.

Yanzu ga inda aka fi yaudarar kai. Sauƙin Hangul yana sa mutane su zaci harshen ma haka yake, alhali makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sanya shi a rukuni mafi wuya ga mai jin Turanci, tare da Larabci da Sinanci da Japananci, inda take ƙiyasta makonni 88, kimanin awa 2,200 a aji, kafin mutum ya iya aiki da shi. Faransanci a wannan ma'auni bai wuce makonni 30 ba. Haƙiƙa ƙiyasin na masu jin Turanci ne, amma Bahaushe ba shi da wata gajeriyar hanya da ta fi tasu sosai.

Wuyar tana farawa daga tsarin jimla. Aikatau a ƙarshe yake zuwa, kuma kowane suna yana ɗaukar ɗan ƙari a ƙeyarsa mai nuna aikinsa. Ina cin shinkafa shi ne jeo-neun bab-eul meogeoyo, wato ni, shinkafa, ci, inda neun ke nuna wanda ake zance a kansa, eul kuma ke nuna abin da aka ci. Mai jin Barbarci ya saba da aikatau a ƙarshe, amma mai Hausa da Turanci sai ya juya tunaninsa, kuma a doguwar jimla dole ya riƙe komai a ka har ƙarshe kafin ya san ko an yi abin ko ba a yi ba. Daga nan sai matakan girmamawa, waɗanda ba ado ba ne da za a iya ajiyewa, domin babu yadda za ka rufe jimla ba tare da ka zaɓi matsayinka da na wanda kake yi wa magana ba. Ga aboki meogeo za ka ce, ga wanda ba ka saba da shi ba meogeoyo, a taro ko aikin soja meokseumnida. Idan dattijo ne ke cin abincin, kalmar ci da kanta sai ta sauya zuwa deusida, abincin ma ya tashi daga bap ya koma jinji. Lissafi iri biyu ne, na asali da wanda aka aro daga Sinanci, kuma ana gwama su a wuri guda: ƙarfe biyu da minti biyu shi ne du si i bun, biyun awa daban, biyun minti daban. Fiye da rabin kalmomin ƙamus daga Sinanci suka samo asali, kuma su ne kalmomin jarida da kotu da asibiti, waɗanda waƙoƙin soyayya ba sa kusantarsu.

Furuci ma yana da nasa tarko. Harshen yana bambanta baƙaƙe uku a inda kunnen baƙo ke jin ɗaya ko biyu: dal wata ne na sama, ttal 'ya mace, tal kuma abin rufe fuska na wasa, bul wuta, ppul ƙaho, pul ciyawa. A nan ina ganin 'yarki tana da ɗan rinjaye a kan Bature, domin wanda ya tashi yana raba kafa da ƙafa, da dawa da ɗawa, kunnensa ya riga ya san cewa ɗan matsi a maƙogwaro yana sauya ma'ana, ko da yake sautukan ba iri ɗaya ba ne. Haka kuma za ta huta da abubuwa biyu da ke wahalar da masu koyon Hausa, domin daidaitaccen harshen Seoul ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti, sunaye kuma ba su da jinsin namiji da mace. Sai dai rubutu da furuci suna rabuwa idan gaɓoɓi suka haɗu: abin da aka rubuta hap-ni-da ana furta shi hamnida, guk-mul, wato romo, ya koma gungmul. Saboda haka ina gargaɗin duk mai koyo ya rabu da rubutun boko na waƙoƙin da wuri. Wanda ya saba karanta eo da eu da haruffan Turanci yakan gina furucin da zai sha wahalar rushewa.

Akwai kuma matsalar irin harshen da fim da waƙa suke koyarwa. Waƙa tana magana da masoyi, don haka yawancinta a salon banmal take, wato maganar tsara da tsara, kuma cike take da gutsattsarin Turanci da jimlolin da aka karya domin su hau kiɗa. Finafinan zamani sun fi son wuraren faɗa da kuka da zagi, domin su ne ke riƙe mai kallo. Finafinan tarihi irin su Jumong kuwa harshen fada suke yi, mai ƙarshen jimloli da babu mai amfani da su a titi yau, kuma wanda ya shiga shago a Seoul da irin wannan magana dariya zai ba mutane. Malaman harshen sun saba da ɗalibin da ke shigowa aji da kunne mai kyau da furuci mai daɗi, ya san saranghae da daebak da mianhae, amma ya gaishe da malami da salon da ake yi wa ƙaramin yaro magana, abin da a Koriya rashin kunya ne babba. Kalmar oppa ma, da masoya ke jefawa ko'ina, idan mace ta faɗa wa namijin da ba ɗan'uwanta ba tana iya ɗaukar ma'anar kusancin da ba ta yi niyya ba.

Duk da haka ba na cikin masu raina wannan hanya. Tun ƙarshen shekarun 1950 masana biyu a Kanada, Robert Gardner da Wallace Lambert, suka fara rarrabe dalilan koyon harshe gida biyu: akwai mai koyo domin yana son mutanen yana son kusantarsu, akwai mai koyo domin aiki ko jarrabawa ko kuɗi. Harshen Koriya yana da duka biyun a fili. Dubban matasa a Nepal da Kambodiya da Indonesiya da Bangladesh suna zana wata jarrabawa dabam mai suna EPS-TOPIK domin samun izinin aiki a masana'antu da gonakin Koriya a ƙarƙashin tsarin da aka fara a 2004, kuma yawancinsu ba waƙa ce ta kai su ba. Mutanen ƙasashen da kamfanoni irin Samsung suke, kamar 'yan Vietnam, albashi suke hange. Saboda haka kuskure ne a jingina dukkan alƙaluman da na kawo a sama ga K-pop. Abin da masoyi ya fi ma'aikaci da shi shi ne yawan sauraro. Babban abin da ke kashe ɗalibin harshe shi ne rashin jin harshen a wajen aji, masoyi kuwa yana jinsa awa biyu ko uku kullum ba tare da an tilasta masa ba, yana maimaita baiti ɗaya sau hamsin yana jin daɗi. Abin da ma'aikaci ya fi masoyi da shi kuma shi ne ranar jarrabawa da aka sa masa. Waɗanda ke kaiwa ga ƙwarewa galibi su ne waɗanda suka shigo ta ƙofar so, daga baya suka samu wani dalili na biyu da ya ɗaure su, ko karatu, ko aikin fassara, ko alhakin da sauran masoya suka ɗora musu. Sauran kuwa, kuma su ne mafi yawa, sukan tsaya bayan Hangul da gaisuwa. Rajista a manhaja kyauta ce, kuma alƙaluman rajista ba sa faɗin mutum nawa suka kai wata na shida.

Mu a nan mun taɓa ganin irin wannan da finafinan Indiya, waɗanda aka shafe shekaru da dama ana kallonsu a Kano da Zariya da Jos babu fassara. Mutane da yawa sun haddace waƙoƙi sun tsinci kalmomi, 'yan ƙalilan suka iya harshen har suka riƙa yi wa jama'a bayani, daga baya wasu suka mayar da abin sana'a. Da ɗora murya da Hausa ta yawaita, buƙatar sauraron harshen asali ta ragu. Wannan ya dace da abin da na faɗa game da giɓi: yarinyar da ke kallon fim ɗin Koriya da aka ɗora wa murya ba za ta koyi komai ba, wadda ke kallo da muryar asali da rubutu a ƙasa kunnenta na aiki, wadda ta kai ga kunna rubutun Hangul a ƙasan allo kuwa karatu take yi.

Game da kuɗin aji, shawarata ita ce kada ki biya yanzu, kada kuma ki hana. Ki ba ta wata uku da darussan kyauta, na Cibiyar Sarki Sejong a intanet, da sharaɗin rabin awa kullum a zaune da littafi da alƙalami, ban da lokacin kallo, kuma ba a kan lokacin karatun makaranta ba. A ƙarshen wa'adin ki gwada ta da abin da ba ya buƙatar ki san harshen. Ki buɗo mata rubutun da ba ta taɓa gani ba ki ce ta karanta da ƙarfi. Ki ce ta faɗi lokacin da agogo ya nuna. Ki ce ta faɗi jimla ɗaya sau biyu, yadda za ta faɗa wa ƙawarta da yadda za ta faɗa wa kakarta, ta kuma bayyana miki abin da ya sauya. Idan ta yi waɗannan ba tare da inda-inda ba, ta wuce matakin da yawancin masu yayi suke tsayawa, kuma a lokacin ne malami ke da amfani, domin matakan girmamawa da furuci suna buƙatar wanda zai gyara mata a take. Ki kuma riƙa duba abin da take kallo, domin ba duk fim ɗin Koriya ne na iyali ba. Squid Game da na ambata na manya ne, cike yake da zubar da jini.

Bayan haka sai a sa mata jarrabawa a gaba. TOPIK tana da matakai shida. Kashi na farko, mai matakai biyu, sauraro ne da karatu kawai, kuma mataki na ɗaya yana buƙatar kalmomi kimanin 800, na biyu 1,500 zuwa 2,000, abin da ɗaliba mai naci za ta iya cimma cikin shekara guda. Kashi na biyu ya ƙara da rubutun insha'i, kuma mataki na uku shi ne wanda yawancin jami'o'in Koriya suke nema ga mai son yin karatu da harshen. Gwamnatin ƙasar tana da tallafin karatu mai suna GKS, wanda 'yan Najeriya ma suke nema ta ofishin jakadanci ko ta jami'o'i, kuma ya ƙunshi shekara guda ta koyon harshe kafin a fara digiri, da sharaɗin cin mataki na uku. Gasar tana da zafi, kuma sakamakon makaranta ake fara dubawa, don haka ki gaya mata tun yanzu cewa lissafi da kimiyyarta suna cikin shirin. Ranakun jarrabawa da wurin zanawa suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, sai ku tuntuɓi cibiyar Abuja kafin ku tsara lokaci.